Yunwar Hantsi da Nauyin Ciki: Hannun Sukarin Jini a Cikinsu

Jawabin kwamitin lafiya a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, Zuru



Uwar ƙungiya, shugabanninmu, iyayenmu mata da suka assasa wannan tafiya, manyan baƙi, da 'yan'uwa da suka yi sammako daga Dabai da Rikoto da Senchi, har da na Mahuta da Ribah da Dirin Daji, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Ma'aji ta karanta mana lissafin kuɗi, sakatariya ta karanta na ayyuka, mun ji mun kuma gode. Mu 'yan kwamitin lafiya an ce mu zo da magana ɗaya da kowace mace za ta iya ƙullewa a bakin zane ta tafi da ita gida. To, maganar ciki muka zo da ita.

Koke biyu ne suka fi yawa a kunnenmu in ana hira bayan taro. Na farko: "Na sha koko da safe, amma tun kafin hantsi ya yi nisa hannuna na rawa, cikina na ƙugi kamar ban ci komai ba." Na biyu: "Loma uku na yi na ƙoshi, tuwon jiya ma har yanzu yana nan tsaye a ƙirjina." Dukansu suna ɗaya muke ba su, wato olsa. A je kemis a sayo farin maganin nan na ruwa, a sha, a ji dama-dama, gobe a koma.

Wani lokaci olsar ce da gaske. Amma sau da yawa sukarin da ke cikin jini yana da hannu a koken nan biyu, domin jini da tumbi suna aika wa juna saƙo dare da rana. Wannan magana ta shafi ƙungiya kai tsaye. In mace ta kwanta, tukunyar awara ta kwanta, zubin adashi ya tsaya, rancen da ta karɓa don ƙara jari ya ƙare a sayen maganin ciwon da ba shi ne ke damunta ba. Shi ya sa muka ga ya dace a yi ta yau, a gaban kowa.

Cokali ɗaya tak

Duk abin da muka ci mai sitaci, tuwo ne ko shinkafa, burodi, rogo ko dankali, jiki na narkar da shi ya koma wani irin sukari da ake kira gulukos. Shi ne itacen girkin jiki. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kusan giram 120 a rana. Amma in aka tattara duk sukarin da ke yawo a jinin babban mutum mai lafiya a lokaci guda, bai wuce giram 4 zuwa 5 ba. Cokalin shayi ɗaya ke nan, cikin jini kusan lita 5. Kun ji fa.

Yaya ake yi ɗan wannan ya isa? Ai jiki ma yana da ma'aji, ita ce hanta. In mun ci abinci sukari ya hau, wata 'yar tsoka da ke kwance a bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas, sai ta saki sinadarin insulin. Shi ne mabuɗin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga tsokokin jiki, shi ke kuma cewa hanta ta karɓi ajiya. Da dare muna barci, ko muna azumi, sai hanta ta riƙa fito da ajiyar kaɗan-kaɗan don kada jini ya rasa. A 1921 ne Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a birnin Toronto na Kanada, kuma ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce duniya ta ware don tunawa da ciwon sukari.

Ga lambobin da ya kamata mu riƙe. Na'urar awon sukari iri biyu ce, wata na ba da babbar lamba, wata ƙarama. Da safe kafin a ci komai, mai lafiya tana tsakanin 70 da 99, ko 3.9 da 5.5 a mai ƙaramar lamba. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne. In ya kai 126, wato 7.0, aka sake gwadawa wata rana ya sake kaiwa, ciwon sukari ne. In kuma ya sauka ƙasa da 70, ya yi ƙasa da yawa.

Mene ne ke kuka a ciki?

Tumbi jaka ce ta tsoka, yana matsa abinci kamar sau 3 a kowane minti har ya dame. In ya zama babu komai a ciki, sai wani aiki ya fara. Duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu, wata matsa mai ƙarfi kan taso daga tumbi ta bi hanji tana share ragowar abinci, kamar mai share tsakar gida bayan an tashi daga taro. Wani ɓangare na ƙugin da muke ji sharar nan ce. Saboda haka ba kowane kukan ciki ne ke nufin a tashi a nemo abinci ba.

Tun da daɗewa masana ke son sanin inda yunwa take fitowa. A 1912, a Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon ya sa ɗalibinsa Washburn ya haɗiye balan-balan mai siririn bututu, aka hura shi a cikin tumbi. Duk lokacin da ɗalibin ya ji cizon yunwa sai ya danna maɓalli, aka ga ya yi daidai da lokacin da tumbi ke matsewa. Bayan shekara 12, a 1924, Bulatao da Carlson a Chicago suka ƙara gaba. Sun yi wa karnuka allurar insulin, sukarin jininsu ya sauka, sai tumbinsu ya kama matsa da ƙarfi. Da aka sa musu gulukos a jini sai ya lafa, alhali ba abin da ya shiga bakinsu. Daga nan aka gane cewa jini na iya tada tumbi, yana kuma iya kwantar da shi.

A shekarun 1950 Jean Mayer ya kawo bayanin cewa ƙwaƙwalwa na da masu gadi da ke lura da sukari, in sun ga yana ja baya sai su buga ƙararrawar yunwa. Daga baya an gano ba sukari kaɗai ke da baki a maganar ba. A 1999 masu bincike a Japan suka gano girelin, sinadarin da tumbi ke saki in ya zama wayam, wanda ke ce wa ƙwaƙwalwa lokacin ci ya yi. Rashin barci, damuwa, al'adar wata, juna biyu, har ƙamshin suyar maƙwabciya, duk suna sa hannu. Amma sukarin jini shi ne wanda za mu iya aunawa da ɗigon jini ɗaya, shi ne kuma abin da muke zubawa a kwano ke juya shi.

Ƙofar tumbi

A ƙasan tumbi akwai wata 'yar ƙofa da ke sakin abinci zuwa ƙaramin hanji, inda sukari ke shiga jini. Ba ta sakin sa gaba ɗaya. Abinci mai tauri kan ɗauki kimanin awa 4 kafin mafi yawansa ya wuce, mai ruwa-ruwa kuwa ba ya jimawa. Masu bincike a birnin Adelaide na Ostireliya sun nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na bambancin hawan sukari bayan an sha abu mai zaƙi daga saurin wannan ƙofa yake fitowa. Ta saki da sauri, sukari ya yi tsalle. Ta saki a hankali, ya hau sannu-sannu.

Shi ma jini yana mai da amsa. In sukari ya hau, sai ya aika a rage gudu, ƙofa ta tsuke. Wani bincike na 1997 ya nuna cewa ko tsakanin 72 da 144, lambobin da mai lafiya ke iya kaiwa, tumbi ya fi jinkiri in sukari na sama. In kuma sukari ya faɗi, tumbi kan yi gaggawar tura abin da ke cikinsa, yunwa ta taso da zafinta. Hanji ma na da nasa saƙon. Da abinci ya iso, sai ya saki wani sinadari mai suna GLP-1, wanda ke ƙara insulin, ya rage gudun tumbi, ya sa a ji ƙoshi. Allurar nan mai tsada da ake ta magana a kanta, Ozempic, kwaikwayon aikinsa take yi. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa jabunta na yawo, don haka kada wata ta saya a waya ko a kasuwa.

Yunwar hantsi

To mu dawo kan koke na farko. Ɗauki koko. An jiƙa gero, an niƙa, an tace dusa an ba awaki, an dama shi tsararo, an zuba sukari. Ba abin da zai riƙe shi a tumbi. Haka shayi mai zaƙi da farin burodi. Sukari ya hau da sauri, insulin ya fito da yawa, a wasu mutane sai ya wuce gona da iri, bayan awa 2 zuwa 3 sukarin ya sauka ƙasa da inda ya faro. Nan ne ake jin kasala, ran mutum ya ɓaci ba dalili, ido ya koma kan tiren mai talla.

An gwada wannan a Ingila da Amurka, aka wallafa a 2021. Mutum 1,070 marasa ciwon sukari aka liƙa wa na'urar da ke auna sukari dare da rana. Waɗanda nasu ya fi faɗuwa bayan karin kumallo sun fi jin yunwa, sun ci abinci na gaba kusan rabin awa kafin sauran, kuma a wuni sun ci ƙarin kalori kusan 312. Wannan ya kai kimanin ƙarfin lemon kwalba biyu a kowace rana. An kuma ga abinci iri ɗaya na iya faɗar da na wata ya bar na wata. Saboda haka in 'yar'uwarki ta ce koko ba ya riƙe ta, kada ki ce kwaɗayi ne.

Maganar lemon kwalba kuwa, ƙaramar kwalba mai 35cl ta baƙin lemo tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9. Ku tuna, cokali ɗaya ne a jinin gaba ɗaya. Lemon malti da muke kai wa maijego da sunan ƙarin jini shi ma cike yake da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin cokali 12 a wuni ga babba, in ya tsaya a 6 ya fi. Ko Gwamnatin Tarayya a Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha.

Mun san akwai wata yunwar da ba ta wannan layi ba, yunwar rashi. Akwai 'yan'uwanmu, musamman na wajen Danko-Wasagu da Sakaba, da rashin tsaro ya raba da gonakinsu. Ba mu zo mu ce wa wadda ba ta da shi ta zaɓa ba. Amma ko ita, in ɗan kuɗin hannunta na karin kumallo ɗaya ne, gara ta san wanda zai kai ta la'asar. Da ruwan ciki ai akan ja na rijiya.

Abin da ke rumbunmu

Ƙasar Zuru ƙasar noma ce, bikin Uhola ma na godiya ne a kan amfanin gona. Iyayenmu ɗumamen tuwon dawa suke ci su tafi gona, ba su sake neman wani abu sai rana ta karya. Sun ce tuwo na riƙe ciki, kuma an auna an ga gaskiyarsu. A Bamako ta ƙasar Mali, inda suke cin tuwo irin namu, Fatimata Cissé da masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka sun gwada mutum 14, aka wallafa a 2018. Shinkafa da dankalin turawa da taliya, rabinsu ya bar tumbi cikin awa 2 da rabi zuwa 3. Tuwon dawa da na gero da dambun gero sun ɗauki wajen awa 5. Kusan ninki biyu ke nan. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, amma sakamakon ya zo daidai da abin da manomi ya sani da jikinsa.

Kada dai a ce kwamiti ya ce a ci tuwo yadda aka ga dama. Tuwon dawa sitaci ne, malmala uku malmala uku ce. Ga mai ciwon sukari, yawan da aka ci shi ne kan gaba. Kuma ba dole ne a sayo garin alkama mai tsada ba, shi ma sukari yake komawa.

Ga abubuwan da ke rage gudun ƙofar nan, duk muna da su a gida:

A haɗa sitaci da abin da ke gina jiki. Koko da ƙosai ya fi koko shi kaɗai, da alale ya fi. Fura da nono ba sukari, kunun gyaɗa mai kauri, shinkafa da wake a sa waken ya rinjaya, ɗanwake, awara, ƙuli-ƙuli. An gwada da dangin wake an ga cewa in an ci su da safe, ko sukarin abincin rana ba ya hawa sosai.

A fara da ganye. A Jami'ar Cornell a 2015, masu ciwon sukari da suka fara cin ganye da nama kafin sitaci, sukarinsu bayan awa ɗaya ya yi ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da ranar da suka fara da sitacin. Mu a nan kwaɗon zogale ko na rama ne, sannan tuwo. Miya ta yi yawa, kuka ce ko kuɓewa ko yakuwa.

A rage surfe da tacewa. Dusar da muke cirewa tana cikin abin da ke jinkirta narkewa.

A motsa bayan an ci. Tafiyar minti 10 zuwa 15, ko shara, ko wanke-wanke, tana sa tsoka ta janye sukari daga jini. Kishingiɗa nan take ba ta yin haka.

Sai gargaɗi ga 'yan matanmu da amare. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da yawansu akwai dexamethasone ko danginsa a ciki. Yana buɗe ciki da gaske, amma yana hawar da sukari da hawan jini, yana iya fito da ciwon sukari da ke ɓoye. Ƙibar da yake kawowa kumburi ce da kitsen da bai da amfani.

In ciwon sukari ya shiga

Akwai yunwar da ci ba ya kashe ta. In insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sukari na nan jibge a jini amma tsoka ba ta samu. Kamar dawa ce cike da rumbu, mabuɗi ya ɓata, yara na kuka. Mace na ci tana ramewa. In ya wuce wajen 180 sai ƙoda ta fara zubar da shi a fitsari, fitsari ya yawaita, ƙishirwa ta ƙi ƙarewa, kiyashi su taru a inda aka yi. Ga mata akan ƙara da ƙaiƙayin gaba da ke ta dawowa, da rauni da ya ƙi warkewa. Wadda ta ga waɗannan, awo take bukata tun yau.

Ciwon bai yi nisa da mu ba. Wani nazari na 2018 da Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta ya ce kusan mutum 6 cikin 100 a Najeriya na da shi, a arewa maso yamma 3 cikin 100. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato sun auna Fulanin karkara, ba su sami ko 1 cikin 100 ba, amma na cikin birni sun kusa 5 cikin 100. Jini ɗaya ne, abinci da zama ne suka bambanta. A Afirka kuma fiye da rabin masu ciwon ba su san suna da shi ba.

Yanzu koke na biyu, nauyin ciki. Akwai doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa tana ba tumbi umarnin motsi. In sukari ya daɗe yana sama, galibi shekara 10 ko fiye, yakan lalata ta kamar yadda yake kashe jin tafin ƙafa. Sai tumbi ya yi sanyi. Ƙoshi da wuri, kumburi, tashin zuciya, aman abincin da aka ci tun awanni da suka wuce. Mata sun fi maza samun wannan. Haɗarinsa shi ne mace ta sha maganin sukari ko ta yi allura, ta ci abinci, maganin ya fara aiki abincin yana tsaye a tumbi, sukari ya faɗi, can dare kuma abincin ya sauka sukari ya haye. Sai a ce magani ne bai karɓe ta ba.

A nan ku saurara da kyau, iyayenmu. Shawarar mai irin wannan ciwo ta saɓa wa duk abin da muka faɗa a baya. Ita ba ta son abin da zai ƙara jinkiri. Kaɗan-kaɗan za ta ci, sau 5 ko 6 a wuni, mai laushi, ba mai da yawa, ba ganye mai tauri, ta kuma zauna a miƙe bayan ta ci. Abin da ya gyara wata shi zai wahalar da wata. Shi ya sa ba ma son a riƙa karɓar shawarar abinci daga maƙwabciya ko daga saƙon WhatsApp ba tare da awo ba.

Olsa ta gaskiya tana nan, mafi yawanta daga wata ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori, ko daga yawan shan maganin ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac, kuma ana warkewa in an yi gwaji an sha maganin da ya dace. Baƙin bayan gida, aman jini, wahalar haɗiya, ko rama ba dalili, waɗannan na asibiti ne ba na kemis ba. Haka yaro ko matashi da ke amai da ciwon ciki, yana numfashi da ƙarfi, bayan kwanaki na yawan fitsari da ƙishirwa. A kai shi babban asibiti a daren nan, a ce a auna sukari.

In sukari ya faɗi

Wannan ya fi samun mai allurar insulin ko mai shan ƙwaya irin glibenclamide, in ta tsallake abinci ko ta yi aikin ƙarfi. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da maganin kwinin su ma suna faɗar da shi, musamman ga yara da masu juna biyu. Alamunsa yunwa mai zafi farat ɗaya, rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, magana ta rikice. In tana iya haɗiya, a dama sukari cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa a ba ta. Bayan minti 15 in ba ta dawo ba a ƙara, in ta dawo ta ci abinci. Nan kam lemon kwalba ya yi rana, rabinsa ya isa. In ta suma kada a ɗura mata komai a baki, a kwantar da ita ta gefe, a nemi abin hawa.

A ƙungiyar nan akwai masu azumin Ramadan, akwai masu azumi kafin Ista da na farkon shekara. Mai ciwon sukari ta ga likita makonni kafin ta fara, don a gyara mata lokacin magani. Ƙa'idar likitoci ita ce in awo ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, a karya. A tambayi malamai da fastoci, za a ji cewa an yi wa mara lafiya sauƙi. Ga sauranmu, sahur na tuwo ko wake ya fi na shayi da burodi riƙe ciki, buɗa-baki kuma a fara da ruwa da ɗan dabino, a dakata kaɗan kafin babban kwano. Masu juna biyu su tambayi awon sukari a wajen awon ciki, tsakanin mako na 24 da na 28.

Abin da muke roƙon taro

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna gabatar da buƙatu huɗu, a tattauna a kaɗa ƙuri'a.

Na ɗaya, a fitar da kuɗi daga asusun taimakon juna a sayi na'urar awon sukari da takardunta, a damƙa wa 'yan'uwanmu ma'aikatan jinya. A riƙa awo da safe a ranar taro ga duk mai so, ta zo ba ta karya ba. Kowa da sabuwar allurarta, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini. Sakamako sirri ne tsakanin mai awo da mai shi. Wadda nata ya yi sama, asibiti za a tura ta a tabbatar, kwamiti ba ya rubuta magani.

Na biyu, a ware wani ɗan tallafi marar ruwa na kuɗin mota da gwaji ga wadda aka tura, don kada ta taɓa jarinta.

Na uku, mu sauya abin da muke rabawa a tarukanmu. Kuɗin kiret na lemo ya koma ga mambobinmu masu awara da alale da gyaɗa, a haɗa da zoɓo mai ɗan sukari kaɗan. Kuɗin ƙungiya ya zauna a hannun 'yan ƙungiya.

Na huɗu, 'yan'uwa masu sana'ar kunun zaƙi da zoɓo da fura, ba mu ce ku bar sana'a ba. Mun ce ku gwada yin kashi biyu, mai sukari da marar sukari, kowanne da alamarsa. Masu ciwon sukari da hawan jini na nan suna neman abin da za su saya hankali kwance. Masu sarrafa hatsi kuma, muna ba da shawara shugabanni su nemi ganawa da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke nan Zuru a kan garin dawa da ba a surfe sosai ba da garin wake. In Allah ya kai mu 14 ga Nuwamba, sai mu dawo mu gaya wa juna inda aka kwana.

Kafin nan, kowace mace ta yi wa kanta aikin mako ɗaya. Ta lura da abin da ta karya da shi, da ƙarfe nawa yunwa ta dawo. Kwana uku koko da sukari, kwana uku ɗumame ko koko da alale. Wadda ba ta rubutu ta sa ɗanta ya rubuta mata. Ku zo mana da abin da kuka gani a taro na gaba.

Teburinmu na nan bakin ƙofa ga mai tambayar da ba ta son yi a bainar jama'a. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kawo zaman lafiya a ƙasar Zuru, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya mai da kowa gidanta lafiya, ya kuma nuna mana na baɗi. Amin.